Motar Na'Allah da Wutar Kara

Ku yaran yanzu, kunnenku na ƙashi ne. Da an miƙa muku makulli sai ku ɗauka an miƙa muku hankali. Ku ajiye abin da kuke yi ku karanta wannan.

Akwai wani saurayi a Sabon Birni ana ce masa Jibrilla, ɗan Malam Na'Allah. Shekarun fari ne, damina ta ƙi, gero ya bushe tsaye a gona, shanu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Malam Na'Allah ya kora waɗanda suka rage kasuwar Isa ya sayar. Da kuɗin ya sayo tsohuwar akori-kura mai shan gas daga Maraɗi, ya damƙa wa Jibrilla. Abin da motar nan ta samo a ranakun kasuwa, shi gidan ke ci. Ba su da wata hanyar samu bayanta.

Da sanyi ya shigo, motar ta fara wani hali. In an tayar da ita da safe, sulonta, wato kaɗawar inji in tana tsaye, ya yi ƙasa ƙwarai, inji na rawa kamar mai masassara, ya yi tari ya mutu. In ta yi zafi kuwa, lafiya lau.

Jibrilla ya ga yadda wasu direbobin tasha ke yi: a hura wutar kara a tura ƙarƙashin inji har ya ɗumama. Ya ɗauki wannan dabara, yana jin babu ya shi.

Uwarsa Kande ce ta fara magana. "Motag ga ba ta da lahiya. Ko akuya ta yi tari hakanga, ana nema mata magani."

"Inna, mi kika sani ga mota?"

Sai da uban ya sa baki, sannan Jibrilla ya kai motar wurin Baba Yari bakanike. Amma ya kai ta da rana tsaka, bayan ta sha gudu daga Turba. Baba Yari ya dafa bonet ya janye hannu.

"Ka kawo min mara lahiya bayan ya sha magani. Bar ta ta kwana nan, in tashe ta da kaina da sanyin sahe."

"Baba, ka ɗan ƙara sulo kawai in tahi."

"Ba ni ƙara komi. Ko hitar ɗumama inji ta mutu, ko matatar gas ta toshe, ko tiyo ya tsage yana shan iska in ta kwana. Da zahi duk ba su nuna kansu. In tiyo ne kuwa, gas na ɗiga ƙasa. Kai dai ba ka sa mata wuta ko?"

"Ni? Allah shi kiyaye," in ji Jibrilla, ko idonsa bai ƙifta ba. "Gobe kasuwar Bafarawa, za ni da lodi. Ba ni kwanar da mota don tsoho shi ji tari."

Ya ja motarsa. A gida ya ce wa ubansa an gyara. Ya ɗauki sukundireba ya murɗa sulo da kansa, inji ya yi ta ruri, shi kuma yana murmushi. Ciwon yana nan inda yake, baki kawai ya toshe masa.

A Bafarawa ya loda buhunan hatsi, nasu da na maƙwabta da suka haɗa ɗan abin hannunsu suka ba shi saƙo. Yamma ta yi masa, ya kwana can. Da safe motar ta yi tari ta mutu. Ya tattaro kara, ya hura, ya tura ƙarƙashinta, ya juya wurin mai shayi yana ba da labarin yadda ya fi Baba Yari sanin inji.

Tiyon a tsage yake. Gas ya kwana yana ɗiga, ya jiƙe cikin motar da ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Kafin ya ajiye kofi wuta ta kama. Ina ruwa? Garin da mata ke kwana a bakin rijiya don tulu ɗaya? Da ƙasa aka yi ta watsawa. Jibrilla ya kai hannu zai fizgo buhu, wuta ta cinye masa tafin hannu. Mota ta ƙone, hatsi ya ƙone, mutane na tsaye suna shaƙar ƙaurin abincin da ba za su ci ba.

Malam Na'Allah bai doke shi ba, bai zage shi ba. Ya kama shi ya zaga da shi gida gida, ya sa ya durƙusa gaban kowane maƙwabci ya faɗi da bakinsa cewa ƙarya ya yi, ba a gyara ba. Gonar da aka ware masa ta gado aka sayar aka mayar wa mutane hatsinsu.

Jibrilla ya koma dako a tashar da yake tuƙi, da hannu ɗaya a shanye. Bai sake riƙe sitiyari ba har ya tsufa.

Darasi: Wanda ya ɓoye ciwo don kada ya rasa kasuwar yini ɗaya, zai rasa rumbun gida duka. In wanda ya san aiki ya ce ka dakata, ka dakata, kuma kada ka yi wa iyayenka ƙarya a kan amanar da suka ba ka. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku, musamman masu riƙe da makullin da ba guminsu ya saya ba.