Kurege da Irin da Ba Ya Tsira Sau Biyu

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

A Kwarin Gawo manya ne ke noma: Giwa, Ɓauna da Gyado. Kowace kaka sukan zaɓi zangarniyar dawa mafi ƙiba su rataye a rumbu, irin baɗi ke nan, tun na kakanni. Shi kuwa Kurege bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya san ƙofar kowane rumbu.

Rannan wani buhu ya faɗo daga motar wani kamfani, cike da irin da aka sauya wa halitta. Kurege ya shinshina, ya ji warin magani, ya fasa ci. Sai ya ɗinka farar riga da buhun, ya cusa wutsiya ciki, ya yi tabarau da marfin kwalba, ya nufi dandali.

Ya ce, "Ni ne Babban Masanin Iri daga birni. Ni na koya wa masara tsayar da gemu! Wannan iri ya san maɓarnaci. Tsutsa ta ci ta mutu, ɓera ya ci ya kumbura."

Giwa ta ce, "Malam masani, to namu na gado fa?"

"Ranki ya daɗe, ai tsohon yayi ne. Ku kawo a ƙona."

Suka kwaso kaf suka ba shi, shi kuma ya ba su sabon irin. Ya kuwa ƙona, amma a cikinsa.

Da gari ya waye aka yi shuka. Dawa ta yi tsawon da sai Giwa ta ɗaga hannu take karyowa. Aka cika rumbuna, aka rataye irin baɗi kamar kullum.

Damina ta dawo, aka shuka, shiru. Gyado ya tona ƙasa ya tarar da ƙwaya kwance ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ce, "Baiwar Allah, ba za ki tsiro ba?"

Ta ce, "Shekara guda aka ɗauki uwata aiki. Je ka kamfani ka sayo sabo."

Hankalin manya ya tashi ƙwarai, don ruwa na wucewa kuma babu ko ƙwayar gado a garin.

Da gari ya waye sai ga Kurege ya naɗa ganyen ayaba, wai shi boka ne mai tada iri daga barci. Kumatunsa tim da ragowar dawar gado, don rowa ta hana shi barinta a rami. Ya ce, "Ni ne na taɓa tsirar da tsakuwa!"

Ɓauna ya lura da kumatun, ya ce, "Sannu da hanya, boka. Baƙo ba ya aiki bai jiƙa maƙoshi ba." Ya miƙo masa kunun sabuwar dawa.

Ƙin sha tonon asiri ne, don haka ya kurɓa. Iri kuwa ya gane maɓarnaci. Ciki ya kumbura kamar tulu, ganye ya yage, wutsiya ta yi tsalle waje. Giwa ta ɗora masa yatsa guda, sai ga jar dawar kakanni na tarwatsewa daga bakinsa.

Manya suka durƙusa suna tsinta ɗaya-ɗaya, Giwa har da hawaye. Kurege ya ja ƙafa da ƙyar ya haye tudu, ya waiwayo ya ce, "Ba don kumatuna ba, wa ya ajiye muku iri? Ko na gode babu!"

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda ya ji, ya leƙa rumbunsa.