Baba Mai Fito da Kogin da Yashi Ya Binne

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Fito, duk da cewa rabonsa da riƙe gorar tuƙi ya haura shekara ashirin.

A zamanin ƙarfinsa, garinsu a bakin wani ƙaton tafki yake, wanda in ka tsaya a wannan gaɓar ba ka hango waccan. Koguna biyu ke zuba a cikinsa, ɗaya daga gabas, ɗaya daga kudu. Sai fari ya zo, shekara na bin shekara. Kogin gabas ya ƙafe, na kudu ya koma ɗan ziri. Tafkin ya yi ta ja da baya, har aka wayi gari awaki na kiwo inda jirage ke yawo.

Baba ya koma gyaran kujeru a wata rumfa a gefen titi. Da guduma da ƙusa ya ɗauki nauyin karatun autarsa har ta gama jami'a, ta sami aikin zana taswira a ofishin samar da ruwa.

A shekarar da wannan abu ya faru, rijiyoyin garin sun ƙafe ƙaf. Aka turo wani babban injiniya da injin haƙa burtsatse. Mutum ne mai ilimi, ya kuma san da hakan. Ya haƙa wuri uku a cikin busasshen tafkin, ba abin da ya fito sai laka. Haƙa ɗaya ta rage a tafi da injin wani gari.

Ran nan da la'asar Auta ta biya ta rumfar mahaifinta, ta zauna jugum.

"Auta, wa ya taɓa ki?" in ji shi, yana zare ƙusa daga bakinsa.

Ta shimfiɗa taswirar a kan teburin aikinsa, ta nuna masa inda aka haƙa. "Duk a kan hanyar kogin gabas ne, Baba. Nan ya kamata ruwa ya kwanta a ƙasa."

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya. "Wa ya ce muku ta nan kogin gabas ya saba shigowa? Ai wannan sabuwar hanya ce. Shekarar da aka haifi babban yayanki ambaliya ta karkatar da shi nan. Tsohuwar hanyarsa tana can bayan baƙin dutse. In na kafa gora a wurin, tsakuwa nake ji, ba laka ba. Ruwan wurin kuma ko da tsakar rana sanyi ƙarara."

Auta ta sake duban taswirar. Abin da aka koya mata ke nan a aji: tsohon kwarin kogi mai tsakuwa shi ke riƙe ruwa.

Washegari a ɗakin taro ta ɗaga hannu ta faɗi abin da ta ji. Injiniya ya cire tabarau ya dube ta.

"Wannan bayani daga wane rahoto ne?"

"Daga bakin mahaifina, ranka ya daɗe. Mai fito ne."

"Mai fito!" Ya waiwayi sauran ma'aikata. "Ina da hoton tauraron ɗan'adam, ina da na'ura, a ce in bi maganar mai kwale-kwale? A wace jami'a ya yi nasa karatun?"

Aka bushe da dariya. Idon Auta ya ciko, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"A kan ruwan ya yi, ranka ya daɗe. Shekara talatin da ɗaya. Mu dukanmu nan hotonsa muka gani, shi kuwa ya taɓa ƙasansa."

Injiniya ya tura mata takarda. "To, sa hannu cewa ke kika zaɓi wurin. In ba a sami ruwa ba, ki nemi wani aikin."

Ta ɗauki alƙalami ta sa hannu.

Aka ɗauko Baba a motar ofis. Da ya sauka a tsakiyar filin, sai ya tsaya yana waige-waige. Tafkin da ya sani na ruwa ne, wannan kuwa tsagaggiyar ƙasa ce da ƙaya. Ya nufi nan, ya dawo, ya nufi can. Injiniya ya duba agogo ya yi tsaki. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Can Baba ya hango baƙin dutsen, yashi ya kusa shanye shi. Ya je ya dafa shi. Sannan ya karɓi sanda a hannun wani lebura, ya fuskanci gabas, ya riƙa kafa ta a ƙasa yana takawa, kamar yadda yake tura jirgi a da, yana ƙirgawa a hankali. Masu haƙa suna ta ƙunshe dariya. A kafawa ta tamanin ya tsaya.

"Nan."

Yinin farko laka. Yini na biyu har azahar laka. Auta ko ruwa ta kasa sha. Ana dab da la'asar sai ƙarar injin ta canza, tsakuwa ta fara fitowa a jiƙe. Kafin a ce me, ruwa ya yi tsartuwa sama, ya jiƙa kowa har da Injiniya da takardunsa.

Masu haƙan nan da ke dariya su ne suka ɗaga Baba sama. Mata suka rugo da bokitai. Auta na tsaye tana kuka, duk wanda ya matso sai ta ce, "Babana ne! Wallahi babana ne!"

Bayan kwana uku, motar Injiniya ta tsaya a bakin rumfar gyaran kujeru. Ya sauko da farar takarda da fensir, ya durƙusa ya gaida dattijon a gaban 'yarsa da duk masu wucewa.

"Baba, na yi kuskure, a yafe mini. Na zo ɗaukar karatu ne. Ina so ka zana mana tafkin nan yadda ka san shi, mashiginsa da zurfinsa, kafin sanin ya ɓace."

Baba ya dube shi, ya dubi Auta, ya yi murmushi.

"Ba komai, ɗana, tashi. Amma makarantata ba a zaman banza. Riƙe mini ƙafar kujerar nan tukuna in buga ƙusa."

Injiniya ya naɗe hannun riga ya riƙe.

Darasi: Kada digiri ya sa ka raina wanda rayuwa ta karantar, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kuma kada ka ji kunyar sana'ar iyayenka a gaban kowa. In akwai dattijo a gidanku, zauna ka tambaye shi tun yana raye. Tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya tuna da nasa Baban.