Yadda Gumin Tsoro Ya Koma Tafin Hannu

Dalilin da ya sa tafin hannun mutum yake jiƙewa daidai lokacin da ya fi bukatar riƙo, shi zan gaya muku yau. Na ga kuna yi wa samarin layin nan dariya idan suna murza alli a hannu kafin su ɗaga ƙarfen nan nasu mai kama da buta. Ku rage dariyar, abin bai kai nan ba.

A da can gumi iri biyu ne, kowanne da ƙofarsa. Gumin aiki ta gadon baya yake fita. Gumin tsoro kuwa ba shi da ƙofa sai goshi, inda kowa zai gani. Tafin hannu a bushe yake ƙayau, abin da mutum ya riƙe ya riƙu.

A wani gari na masu haƙar rijiya an yi wani ƙato mai suna Bagudu da ƙanensa Tunau. Tunau siriri ne, shi ke shiga rami. Idan haƙa ta ci karo da dutse, akwai dunƙulen ƙarfe mai mariƙi da ake zura masa ya fasa. Sai dai kafin a zura, dole wani ya ɗaga ƙarfen ya miƙa shi saman bakin rijiyar a rataye shi a ƙugiyar igiya. Na ƙasa kuwa ba shi da wurin kaucewa, rijiya ba ta da lungu.

Saboda haka masu haƙa suke da al'ada. Shugabansu, Baba Jatau, ba ya duban damtsen mai ɗagawa, goshinsa yake duba. Da ya ga ya jiƙe sai ya ce, "A karɓe shi." Wani ya karɓa, ba zagi ba gori.

Bagudu ya fi kowa ƙarfi. Kullum da safe yana lilo da ƙarfen nan daga tsakanin ƙafafu zuwa ƙirji, kamar mai wasa da gora. Amma duk ranar da Tunau ne a ƙasa, da ya tunkari bakin rijiya sai goshinsa ya tona masa asiri. Yana son yaron nan fiye da ransa, to ina zai ƙi jin tsoro? A karɓe shi, a ba wa waɗanda ba su kai rabinsa ba. Ba wanda ya taɓa ce masa komai, amma shi a kunnensa duk wanda ya yi tari dariya yake masa.

Wata rana ya keɓe a gindin tsamiya, ya shafo goshinsa, ya dubi danshin da ke yatsunsa ya ce, "Kai Gumi, me na tsare maka?"

Gumin tsoro ya ce, "Ba ka tsare mini komai ba. Aikina nake yi. Ina gaya wa mutane su taimake ka."

"Ban roƙe ka ba. Ka daina fita."

"Ni ba a hana ni fita. Ƙofa kawai ake canza mini."

Bagudu ya duba jikinsa kaf yana neman inda ido ba ya kaiwa. Can ya dunƙule hannu ya ce, "Nan. In na riƙe abu, wa zai ga cikin tafina?"

Gumi ya ce, "Bagudu, da wannan hannun kake cin abinci, da shi kake riƙe rayukan mutane. Kuma ka sani, ƙofar da na buɗe a jikin mutum ɗaya ta buɗu a jikin kowa, ba na kuma rufe ta."

"Na ji. Tafi kawai."

Ya ji ɗin da baki, amma bai saurara ba. Mutumin da kunya ta kama ba ya jin magana sai wadda yake so.

Ba a daɗe ba aka sami wata rijiya mai zurfi da ta tsaya a kan dutse. Tunau ya sauka. Bagudu ya sunkuci ƙarfe ya nufi bakin ramin. Baba Jatau ya kafe goshinsa da ido, ya gan shi a bushe, har ya yi murmushi ya ce, "Yau kam ka zama namiji, ɗana. Bismilla."

Daga can ƙasa muryar Tunau ta taso: "Baba, wa ke riƙe?"

"Yayanka ne."

"Yaya ne? To ai ko barci sai in yi a nan!"

Maganar nan ce ta tsinka zuciyar Bagudu. Tsoro ya zo masa kamar yadda ya saba zuwa, sai dai wannan karon ya bi sabuwar hanya. Ya ji sanyi a tafinsa. Ya ji mariƙin ya fara motsi a cikin yatsunsa. A lokacin bai gama miƙa hannu ba, da ya ce a karɓe shi, da an karɓa. Ya dubi Baba Jatau, ya ga yana masa murmushi, sai ya yi shiru ya ƙara matsewa. Abin da bai sani ba, jiƙaƙƙen ƙarfe ƙara matse shi ƙara santsi yake.

Ya miƙa hannun. Ƙugiya na dab da shiga, ƙarfen ya sulluɓe.

Ba zan gaya muku abin da aka ji ba. Baba Jatau ya leƙa ya kira sunan Tunau, ya sake kira, rijiya ta dawo masa da muryarsa. Ya juyo ya kama fuskar Bagudu yana laluben goshin da hannu yana cewa, "Amma a bushe yake. Wallahi na duba, a bushe yake." Bagudu ya buɗe tafukansa ya nuna masa.

Bayan an binne Tunau, ya koma gindin tsamiya ya durƙusa. "Ka koma goshina. Kowa ya gani, kowa ya yi dariya, na yarda."

Gumi ya ce, "Na gaya maka."

Daga ranar Bagudu bai sake ɗaga ko tulu ba. Yakan zauna a bakin murhu yana murza toka a hannu, ya ga sun bushe, ya tuna muryar nan da ta taso daga rami, su sake jiƙewa. Haka ya tsufa. Goshi kuwa, da ya zama kango, gumin aiki da na zafin rana suka tare a cikinsa, ya daina nuna komai. Masu haƙa suka rasa abin dubawa.

Shi ya sa har yau, duk wanda zai riƙe abu mai nauyi sai ya nemi toka, ko alli, ko ƙasa ya murza. Yana taimakawa, ban hana ku ba. Amma alli hannu kawai yake busarwa. Tsoron yana nan a dunƙule inda ba mai gani, kuma tun daga kan Bagudu babu wanda zai dubi fuskarka ya ce a karɓe ka, sai in kai ka buɗe baki ka faɗa.