Ƙararrawar Marjorie

Akwai wani dattijo a garinmu na nan Ohio, sunansa Vernon. Shi da matarsa Marjorie da ƙaninta Harlan sun daɗe suna shiga gasar kacici-kacici da ake yi a zauren laburare duk Asabar da rana.

Kowa da fanninsa. Vernon ya san ƙasashe da koguna da shugabannin ƙasa tun daga na farko. Harlan na tatsuniyoyin Girkawa ne, da wasan kwaikwayo, da gidajen tarihi. Kiɗan mutanen dauri kuwa na Marjorie ne, don ta tsufa tana koya wa yara fiyano.

Sai Allah ya jarrabe ta da ciwon mantuwa. Ta manta hanyar coci, ta manta inda ake ajiye cokali. Daga baya ta manta sunan mijinta. In ya ɗaure mata igiyar takalmi, sai ta ce, “Na gode, bawan Allah,” kamar tana yi wa baƙo magana.

Likita ya gaya wa Vernon gaskiya, ciwon ba na warkewa ba ne. Don haka roƙonsa kullum ɗaya ne: ta sake kiran sunansa, ko sau ɗaya, kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Bai daina zuwa da ita gasa ba. To, a gasar kowa yana da ƙararrawa a gabansa. Wanda ya danna, shi kaɗai zai amsa, ba mai raɗa masa. In ya kasa, a rage musu maki. Marjorie kuwa jar fitilar ƙararrawar take so, ko an yi tambaya ko ba a gama ba, sai ta danna.

Ranar wasan ƙarshe, da za su kara da mutanen garin maƙwabta, Harlan ya ja Vernon gefe wajen teburin kofi.

“Yayata ce, ciki ɗaya, ba za ka fi ni tausayinta ba,” in ji shi. “Amma yau kam ka zaunar da ita cikin 'yan kallo, ka ba ta kek.”

“Kujerarta ce,” in ji Vernon.

“To ka zare wayar ƙararrawarta ta ƙarƙashin tebur. Ta yi ta dannawa, ba za ta sani ba.”

“Ni zan sani.”

“Kai dai tsoho ne mai taurin kai. Ban san abin da ta gani a jikinka ba.”

“Ita ma yanzu ba ta sani ba,” in ji Vernon. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Aka fara. Alƙaliya tana cikin karanta tambaya a kan wani kogi da Vernon ya sani kamar yunwar cikinsa, sai fitilar Marjorie ta kama.

“Muna jin ki, Mama,” in ji alƙaliya.

“Fitilar nan tana da kyau,” in ji Marjorie.

Aka rage musu maki. Harlan ya nuna ƙarƙashin tebur da haɓa. Vernon ya sunkuya har hannunsa ya taɓa wayar. Sai ya ɗago ido ya ga yadda ta rufe ƙararrawar da tafin hannu biyu, tana zaune a miƙe kamar da. Abin da ya rage mata kenan a duniyar nan da ta sani. Ya saki wayar, ya gyara mata rigar sanyi.

Tambayar ƙarshe ta kiɗa ce. Aka saka sautin fiyano, a faɗi wanda ya tsara shi. Kiɗan bai yi nisa ba fitilar Marjorie ta sake kamawa. Aka kashe sautin, kamar yadda doka ta ce. Harlan ya dafe kai.

Marjorie ta saki ƙararrawar. Sai yatsunta suka kama tafiya a kan tebur, daidai daga inda aka tsayar da kiɗan. Hannun da ba ya iya riƙe cokali ya bi katako sama da ƙasa, ba gargada, tana rera sautin a hankali ta hanci. Kowa a zauren ya zuba mata ido. Mai kula da agogo ma ya manta da agogonsa.

Da ta kai ƙarshe, ta faɗi sunan mai kiɗan, wani Bajamushe da ya rasu tun ba a haifi kakanninmu ba. Daidai ne.

Sannan ta juya.

“Vernon,” ta ce, “wannan na kaɗa ranar da ka fara zuwa gidanmu. Ka zauna a kan hular Baba.”

“Ya kuwa zauna,” in ji Harlan. “Ina wurin, Yaya.”

Vernon ya riƙe hannunta, yana ta motsa baki yana godiya ga Wanda ya ɓoye wannan a cikin kanta har zuwa yau.

Kafin su kai mota, mantuwar ta dawo. Ya buɗe mata ƙofa, ta ce, “Na gode, bawan Allah.” Ya ce, “Ba komai,” ya kakkaɓe mata ƙanƙara daga kafaɗa.

Har yau in ka tambaye shi wa ya ci gasar nan, sai ya ce, “Tambayi Harlan. Ni ban ji ba.”

Darasi: Kada ka zare wa mutum abin da ya rage masa don ka ga ya tsufa ko ya gaza. Ba ka san abin da Allah ya ajiye a cikinsa ba, kuma ladan haƙuri yakan zo ne ta ƙofar da ka ƙi rufewa. Ku tura wa duk wanda yake jinyar tsoho a gida, ya ƙara haƙuri.