Kurege da Batirin Motar Zaki

Ga ta nan, ku gyara zama ku karɓe ta da zafinta.

A wata shekara da motoci suka shigo dawa, har kowace dabba mai ji da kanta ta sayi tata, akwai wani Kurege da ke zaune a rami bayan tashar mota. Ba shi da mota, ba shi da ko keke, baki kawai Allah ya ba shi. Gyaɗar da ya tara don bazara, tun kafin bazarar ta zo ya cinye ta, wai yana ɗanɗanawa ne ya ji ko ta lalace. To, ga yunwa ta sa shi gaba, haƙarƙarinsa duk sun fito.

Sai ya je wurin Bushiya, mai cajin waya a bakin tasha, ya tarar da ita zaune a kan buhun gyaɗa. Bakinsa na gaisuwa, idonsa na kan buhu.

"Kurege, daina kallon buhuna," in ji Bushiya. "Batir nake nema na caji, kuma na kamfani, irin wanda ke zuwa da mota. Ka kawo mini uku, buhun nan naka ne. Ka kawo biyu, ko ɓawo ba za ka gani ba."

Kurege ya buga ƙirji ya ce, "Ni ne Kurege, ƙaramin jiki babbar dabara! Jawo mini buhuna inuwa, kada rana ta taɓa shi."

Ya zarce juji, ya tono matattun batura uku da direbobi suka yar. Ya wanke su tas, ya shafe su da jan fenti, suka fito suna ƙyalli sai ka ce yau aka sauke su daga jirgi. Shi kuwa ɗan banzan, zaman bayan tasha ya koya masa abu guda. Tsohuwar mota, in dai injinta na aiki, ana iya cire mata batir a sa mata matacce, ta ci gaba da tafiya ba ta sani ba. Sai an kashe ta an zo tayarwa asiri ke tonuwa.

Da gari ya waye, Kurege ya sa rigar makanikai duk baƙin mai, ya cusa wutsiyarsa cikin wando, ya ɗora batir ɗaya a baro. Ga Kura ta tsaya da tasi ɗinta tana jiran fasinja, inji na ta gurnani. Ya kara kunne a jikin motar, ya ja da baya da sauri yana salati.

"Lafiya, Malam?" in ji Kura.

"Hajjaju, ba dai batirin kamfani ne har yanzu a motar nan ba?"

"Shi ne mana. Garau yake."

"Garau! Haka na mijin ƙanwata yake, Allah ya jiƙansa. Hajjaju, batirin kamfani don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Zafin nan namu in ya gama dafa shi, bum! Kina kan sitiyari, sai dai a tsinci takalminki."

Kura kuwa, duk girman haƙoranta, ba a yi matsoraciya irinta ba. Nan take gumi ya karyo mata.

"Wayyo ni! Yaya zan yi?"

"Ga ɗan gida, ja, mai shanye rana. Don Allah zan ba ki, ba don komai ba. Tsohon kuma in kai shi bayan gari in binne, kada ya tashi da jama'a. Amma kada ki kashe injin. Sabon batir sai ya sha ɗumin mota kafin ya saba da ita."

Ya kwance wayoyi ya ɗaura wayoyi, inji bai ko yi tari ba. Kura da hannunta ta ɗauki lafiyayyen batirinta ta sa masa a baro, tana kawar da fuska, har da yi masa addu'a. Ta yini tana jigila. Can da la'asar ta kashe mota a ƙofar mahauta don ta sayi ƙashi. Da ta dawo ta murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru.

Da gari ya waye, Kurege ya koma ɗan kasuwa, da kwat da tabarau. Ya tare Ɓauna, mai ɗaukar itace a motar kaya. Ita ba a tsorata ta, sai dai a zuga ta, don haka ya canza waƙa.

"Gwaggo, mai ƙarfi irinki da batirin 'yan birni? Wannan ai bai san tudu ba. Ga na ƙarfafa, ja kamar garwashi."

Ɓauna ta hura hanci, ta ce a sa mata. A ranar, a gindin wani tudu ta kashe mota don ta sha ruwa, kuma da ƙahonta ta ƙarasa da ita gida.

Batura biyu ke nan a ramin Kurege. Ya je ya roƙi Bushiya ko tafi ɗaya na gyaɗa, ta dunƙule ta ba shi ƙaya. Ga shi labari ya bazu a tasha, duk direban da ya hango baro sai ya ɗauki sanda. Saura mutum ɗaya a dawa da ba ya zaman tasha balle ya ji gulma, wato Zaki. Kurege ya ji tsoro ƙwarai, ba wasa ba. Amma cikinsa ya yi wata ƙara, tsoron ya matsa gefe.

Da gari ya waye, ya sa doguwar farar riga irin ta injiniyoyi, ya danna wutsiya cikin wando, ya tura baro har ƙofar gidan Zaki. Ya tarar da shi yana goge baƙar motarsa da tsumma. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, manyan dawa! Kamfani ne ya aiko ni neman gafara. An yi kuskure, an sa maka batirin talakawa, iri ɗaya da na masu tasi."

Gashin wuyan Zaki ya miƙe. "Iri ɗaya da na wa?"

"Kada ranka ya ɓaci, ga na manya na kawo. In ka danna hon da wannan, barewa a ƙetaren kogi sai ta durƙusa."

Zaki ya dubi jan batir, ya yi murmushi. Kurege ya ga ta faɗa, har ya fara jin ƙamshin gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, tayar da motar kawai, yanzu in canza maka."

"Ka canza? Kai?" in ji Zaki. "Motar nan ko matata ba ta taɓa murfinta. Ni nake wanke ta, ni nake zuba mata mai, ni zan sa mata batir. Kuma wane mahaukaci ne ke taɓa batir inji na aiki?"

Ya zare makulli ya jefa a aljihu. Kurege ya fara ja da baya.

"Ranka ya daɗe, bari in ɗan zagaya bayan gida."

Zaki ya ɗora ƙafa a kan gefen farar rigar. "Tsaya nan ka riƙe mini sufana. Ka ga yadda ake aiki, ka je ka gaya wa kamfaninku."

Jama'a, ban taɓa jin aikin da aka yi a natse irin wannan ba. Zaki ya kwance baƙar waya tukuna, ya kawar da ita gefe, sannan ya kwance ja. Ya ciro batirinsa ya ajiye a gefen ƙafarsa, ba a baro ba. Ya kankare bakin wayoyin, ya hure, ya sake kankarewa, yana 'yar waƙarsa. Ya zaunar da mataccen a mazauninsa, ya ɗaura ja, ya ɗaura baƙa, ya ɗaure tamau, ya girgiza ya ji ba motsi. Kurege na tsaye yana miƙa sufana, duk addu'ar da ya sani ya karanta, har da ta cin abinci.

Zaki ya tasa ƙeyar Kurege zuwa ƙofar mota, ya zauna, ya murɗa makulli. Ƙyat. Ya sake murɗawa. Ƙyat. Ya danna hon, ko sauro ya fi shi ƙara. Ya juyo a hankali ya dubi Kurege.

"Madalla!" in ji Kurege, yana tafi. "Alamar na gaske ke nan, ranka ya daɗe! Batirin manya ba ya tashi shi kaɗai ranar farko, sai an yi masa rakiya. A ɗan tura kawai. Bari in ruga in nemo masu turi."

"Zauna," in ji Zaki. Ya leƙa titi ya yi ruri, "Kai! Masu turi!"

To, a dawa kaf su wa suka ƙware a turin mota a 'yan kwanakin nan? Ga Kura ga Ɓauna sun ɓullo a kan hanya, kowace na tura tata za ta kai gareji, sun yi sharkaf da gumi. Suka bar nasu suka zo da gudu. Murfin injin Zaki na buɗe, Ɓauna ta leƙa, ta tsaya cak. Kura ta leƙa, ta dubi tafin Zaki duk jan fenti.

"Ranka ya daɗe," in ji Kura, "kai ma ɗan gidan aka ba ka?"

"Ni kuwa ban taɓa ganin matan nan ba!" in ji Kurege, alhali ba wanda ya tambaye shi.

Duk suka juyo. Shi kuwa kurege in ya tsorata, gashin wutsiyarsa tashi yake yi. Wutsiyar ta kumbura cikin wando, ɗinki ya ce ɓarr, ta yi tsalle ta fito fili.

Zaki ya cafko rigar, Kurege ya zame daga cikinta ya bar masa ita, ya daka tsalle cikin inji. Zaki ya buga murfi, ya datse masa rabin gashin wutsiya. Kurege ya zurara ta ƙarƙashin mota, Kura ta kai cizo ta cika baki da sauran gashin. Ya fito ta baya, Ɓauna ta ɗauke shi da ƙaho ta wurga shi sama, ya faɗo tim a cikin ƙaya. Ya tashi yana ɗingishi, ya ranta a na kare.

A ranar aka tone raminsa, Kura da Ɓauna suka kwashe baturansu. Bushiya kuwa ta sauka daga kan buhu, ta kwance bakinsa, ta fara ɓarar gyaɗarta ita kaɗai.

Can nesa, a kan wani suri, Kurege ya zauna a gefe ɗaya na ɗuwawunsa, don ɗayan ba ya zaunuwa. Ido ya kumbura, ciki ba komai, ba rami, ba buhu. Ya tono wata busasshiyar saiwa yana gaigaya, hawaye na zuba don ɗaci. Sai kuma dariya ta kufce masa, yana yi yana riƙe haƙarƙari.

"Ni ne Kurege!" ya faɗa wa dawa. "Zaki da kansa, manyan dawa, shi ya ɗauki batirin juji ya ɗaura wa motarsa, har yana waƙa! Wa ya taɓa sa Zaki aikin banza in ba ni ba?"

Ƙurunƙus! Na kashe injin tatsuniyata, kowa ya sauka.