Kajin da Aka Sa Shaidar Zur

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ji.

An yi wani mutum a Agadas, shekarar da fari ya cinye dabbobi, soji kuma na riƙe da ƙasa. Sana'arsa kiwon kajin nama, fararen nan masu saurin girma. Da ya ga yunwa ta kunno kai, sai ya saye masara ya ɓoye. Soji na farautar masu ɓoyon hatsi, don haka ya haƙa rami a ƙarƙashin ɗakin kajinsa ya jera buhuna. A ganinsa ya fi kowa wayo. Bai lura ba kullum ruwan shan kaji na zuba, ƙasa na tsotsewa.

Ranar da ya buɗe ramin, masara ta yi fumfuna, kore-kore da baƙi-baƙi. Ya zuba wa kaji. Suka kama zawo, suka saki fukafukai, suna faɗuwa. In ya feɗe, sai ya ga hanta ta kumbura ta yi ɗorawa.

Wani mai lambu daga Timiya ya ba shi dabara saboda Allah: ya daka gawayi, ya haɗa da garin yumɓu da busasshen zogale cikin abincinsu, suna rage dafin. Ya ce masa, "Wannan don ka ceci sauran ne. Masarar kam, ƙone ta."

Kaji suka farfaɗo. Ya ƙone masarar? Ina! Ya wanke ta, ya shanya, ya niƙa ta gari, ya dinga sayar wa bayin Allahn da fari ya koro bakin gari. In mai saye ya shinshina ya yi jim, sai ya ja shi wurin kaji. "Dubi. Shi suke ci safe da yamma. Ka ga marar lafiya?" Gawayin kuwa bai taɓa ambata ba.

Cikin masu sayen akwai Ramatou, wadda mijinta ya rasu a hanya ya bar mata 'ya'ya. Ta ga kaji ɓul-ɓul, hankalinta ya kwanta, ta tuƙa tuwo. Idanun yaran suka yi ɗorawa, cikinsu ya kumbura, suna aman jini. Da autarta ta cika, ta goya gawar ta nufi barikin soji, jama'a na bin ta.

Kafin soji su iso gidan mai kajin, jama'a sun ɓalle ƙofarsa. Aka murɗe wuyan kajin, aka cinna wa ɗakin wuta, aka fasa masa goshi da dutse. Soji suka ƙwace shi, suka ɗora da bulala da gindin bindiga. Yana jini yana rantsuwa garinsa lafiyayye ne, ai kaji ma na ci.

Kumandan sojin ya ce, "Madalla. Kai ma shi za ka ci."

Aka jefa shi kaso, ana tura masa tukunyar tuwon garinsa. Ya ƙi ci har yunwa ta karya shi. Da hantarsa ta fara ciwo, ya rarrafo bakin ƙofa yana kuka. "Don Allah ku ba ni gawayi. Ko ɗan yumɓu."

Kumandan ya ce, "Gawayi na me? Ba ka ce lafiyayye ne ba?"

Ba wanda ya ba shi. Aka wayi gari aka tarar da gawarsa, baki baƙi ƙirin. Ya kankare baƙin gindin tukunyar da haƙoransa.

Ban ce abin da soji suka yi shari'a ce ba, su ma za su tsaya gaban Allah. Amma ya 'yan uwa, mutumin nan ya san cutar, ya san maganin. Ya ba kaji, ya hana 'ya'yan mutane. Mai ɓoye aibin kayansa, me zai ce ranar da Ramatou za ta tsaya da 'yarta a gaban Ubangiji?

Allah ya tsarkake cinikinmu, ya jiƙan yaran nan. Allah ya kiyaye mu da cin amanar mai jin yunwa. Amin.