Ɗigon da Gwani ya goge

Akwai wani ɗalibi a ajin ƙarshe na jami'a, abokansa suna kiransa Gwani. Ba ƙarya, Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa. Matsalarsa ɗaya ce, ya san yana da ƙwaƙwalwar, kuma bai yarda wani ma yana da tasa ba.

Bincikensa a kan matacin ruwa ne. Ya haɗa yashi da gawayi da tsakuwa a cikin bokiti mai famfo, yana so ya nuna cewa ruwan rijiya in ya bi ta ciki zai fito babu ƙwayar cuta. Ya ɗebo ruwan rijiyoyi da dama ya tace, har da na rijiyar gidan yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

A makarantar akwai gasar fosta. Kowane ɗalibi zai buga sakamakon bincikensa a ƙatuwar takarda, ya tsaya gefenta, alƙalai suna zagayawa suna tambaya. Gwani ya riga ya ga hotonsa da kofi a hannu.

A ɗakin gwaje-gwaje ana ɗiga ruwan da aka tace a ƙananan farantai a ajiye, in akwai ƙwayar cuta za ta tsiro. Duk farantansa suka fito fes, ban da guda. Na rijiyar Yaya ya cika da tabo kamar burodin da ya kwana biyu a leda. A zanen sakamakon, duk ɗigogin sun jeru a layi, wannan kaɗai ya yi tsalle ya koma sama.

Abokiyar bencinsa, wadda yake tsokana da Uwar Tambaya, ta leƙo ta ce, "Gwani, ka sake gwada wannan."

"Farantin ne ba a wanke da kyau ba," in ji shi.

"In kuma rijiyar ce fa? Ko dai ka bar ɗigon a fostar, ka rubuta cewa bai yi aiki a nan ba."

Ya yi dariya. "Shi ya sa fostarki ta zama kamar takardar ba da haƙuri. Alƙalai layi miƙaƙƙe suke so. Gobe ma za a kai bugawa."

Ya danna ɗigon ya goge.

Ranar gasa, wata dattijuwa cikin alƙalan ta gyara tabarau ta tambaye shi, "Duk rijiyoyin da ka gwada ke nan?" Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce eh. Ya zo na ɗaya. Uwar Tambaya, da ta zuba gwajinta duka har da waɗanda suka ƙi, ko sunanta ba a kira ba.

Yaya tana cikin taron, goye da 'yarta ƙarama da ake kira Gimbiya. Har kuka ta yi don murna. Ta roƙe shi fostar da matacin, ta manna fostar a bangon falonta, ta ajiye matacin a bakin kicin.

Bayan 'yan kwanaki ya je gidan, ya tarar da maƙwabta a falo suna kallon fostar. Sai ga Gimbiya da ɗan kofinta, ta tara a famfon bokitin.

Gwani ya yi saurin tambaya: "Yaya, kin tafasa kuwa?"

"In tafasa me kuma? Ƙanena ya ci gasa sannan in riƙa hura wuta? Ai na sallami tukunyar nan."

Maƙwabta suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce ita ma a haɗa mata. Wallahi nan ne wurin da ya fi ba ni haushi. Magana ɗaya ce ta rage masa, amma sai ya dubi mutanen, ya dubi sunansa a bango da manyan baƙaƙe, ya ce a ransa zai faɗa mata in sun keɓe. Ya ci abinci, ya sha yabo, ya tafi bai faɗa ba.

Ba a daɗe ba Gimbiya ta fara amai da gudawa. Yaya ta zargi haƙori, ta zargi mangwaro, ta zargi komai ban da ruwa, har da shi take dama mata maganin gishiri da sukari. Kafin a kai ta asibiti jikin ya riga ya saki. Yarinyar ba ta dawo gida ba.

Da mutane suka ragu a zaman makoki, Gwani yana zaune a ƙarƙashin fostarsa, Yaya ta ce da muryar da ta dishe, "Ka ji likitan nan? Wai daga ruwa ne. Na ce masa ba dai ruwanmu ba, ruwanmu alƙalai sun duba."

Daidai lokacin babban ɗanta ya nufi bokitin da kofi. Gwani ya zabura ya fizge kofin, ya shiga kicin ya jawo tukunyar nan da aka kife, ya cika ta ya ɗora a wuta.

Yaya ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon tukunyar, sannan ta dube shi.

"Ƙanena," ta ce, "dama ka sani?"

Shi da ya amsa wa alƙalai ba gargada, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Sakamakon da ya ƙi bin layi shi ma gaskiya ne, kuma wani lokacin shi ne mai ceton rai. Kada kwaɗayin lambar yabo ya sa ka ɓoye abin da ka gani, domin akwai wanda zai yarda da kai har ya sha. Ku tura wa duk ɗalibi ko malamin da kuka sani.